Giwa a Bayan Mota: Shekara Shida da Rasuwar Ta-Mashaya

Shekara shida ke nan da Allah Ya karɓi ɗiyata ta fari. Ni ba da kalanda nake ƙirga ba, da abin da ya faru nake ƙirga. Ta rasu a watan azumin tsofaffi, shekara guda kafin cutar nan da ta hana mutane zuwa Hajji. A damina ta uku bayanta aka yanke layin waya a Zamfara baki ɗaya, kuma a wannan daminar ce muka bar ƙauyenmu. Tafiyarta ta farko zuwa ƙasar Sin kuwa, wadda mu nan muke ce wa Caina, ta faɗo a shekarar da gubar dalma ta shiga yara a Bagega da 'Yargalma, lokacin da aka yi ta hana mata daka dutsen zinariya a tsakar gida. Wanda ya riƙe waɗannan ya riƙe lissafina.

Sunana Kulu, haifaffiyar Anka. Ban shiga boko ba, kuma abin da na ajiye a kaina bai taɓa jiƙewa da ruwan sama ba. Luba ce ke riƙe da alƙalami, ɗiyar marigayiyar, mace mai 'ya'ya uku. Tana juya maganata zuwa Hausar rediyo, na ƙyale ta, amma na ce inda mutane suka yi magana ta bar musu harshensu.

Ba za ku ji sunan ɗiyata na yanka a bakina ba. Ɗiyar fari ce, mu kuma haka muka taras, uwa ba ta kiran sunan na fari. Shekaru na yi ina fama da "ke" da "wagga", har ta girma ta fara kai kwanuka kasuwar Gummi. A can ne 'yan kasuwa suka laƙaba mata Ta-Mashaya, domin daga ƙauyen da aka kai ni aure take fitowa, Mashayar Giwa, can wajen Gwashi a ƙasar Bukkuyum, wanda kowa ke taƙaitawa ya ce Mashaya. Ranar da na fara jin wannan laƙabi na ji daɗi ƙwarai. Na samu abin da zan riƙa kiran ɗiyata da shi da ƙarfi a tsakar gida ba tare da kowa ya ɗaga gira ba.

Ina da wata ɗabi'a da na gada wurin kakata ta wajen uwa. Duk wanda ya yi tafiya daga gidana, kafin in dubi abin da ke cikin jakarsa sai ya gaya mini sunan garin da ya je, da wanda ya sa masa sunan, da dalili. Mai gidana, Allah Ya jiƙansa, ya sha cewa ya fi son binciken 'yan sanda a hanya da nawa. Amma da haka na tara garuruwa a kaina tun daga Argungu har Agadas, ban taka ko ɗaya ba.

Da kasuwancin Ta-Mashaya ya yi ƙarfi, daga Gummi ta koma saro kaya a Kano, daga Kano sai Makka, har ta bi ayarin mata zuwa Sin. Ta dawo mini da atamfa da tocila da wata langa mai murfi, fara mai bakin shuɗi. Na tambaye ta sunan garin, ta ce Gwanzu. Na ce don me aka ce masa haka, ta ce ba ta sani ba. Sai na tura langar gabanta da ƙafa.

"Inna, mutanen ga ko gaisuwa da hannu muka yi," in ji ta. "Wa zan tambaya?"

Na ce mata tunda sun iya gaya mata farashin kwano, sun iya gaya mata sunan garinsu. Ta kwashe kayanta tana dariya, tana cewa ba a taɓa yin uwa mai wahalar tsaraba irina ba. Langar ta zauna a ɗakinta har shekara ta kewayo.

A tafiya ta gaba ta samu tafinta, wata Musulma 'yar can mai suna Maryam, wadda ke jin Larabci. Ita ma ɗiyata ta tsinci Larabcin kasuwa a Makka, don haka suna fahimtar juna, wani da baki wani da hannu. Wata rana suna dawowa daga wurin ajiyar kaya sai cunkoson motoci ya tsare su. To, mai sayar da kwano idonta ya saba da alama, domin a ƙauye kowace mace tana ɗiga fenti a gindin kwanonta don kada ya salwanta a gidan biki. Sai ta lura lambar kowace mota tana farawa da wani zane. Galibin motocin zanensu iri ɗaya ne, sai jefi-jefi a ga wata babbar mota da nata daban. Tana cikin wannan kallo sai Maryam ta dafa gilashi, ta nuna wata motar kaya duk taɓo, ta ce wannan daga gida take. Ɗiyata ta ce ta yaya ta sani. Daga wannan tambaya labarin ya ɓalle, kuma ta ce har suka isa masauki ba su gama ba.

Ina tuna ranar da ta kawo mini shi. Bayan la'asar ne, muna ɓarar gyaɗa a gindin tsamiyar gidanmu. Akwai Hajjo, maƙwabciyarmu Bafillatana da ke kawo mana nono, akwai matar liman, akwai Luba tana budurwa. Ta-Mashaya ta zauna ko mayafi ba ta cire ba, ta ce yau sai na karɓi langata.

Ta ce kowace jiha a ƙasar Sin suna biyu gare ta. Akwai dogo, wanda galibi kwatance ne kawai: wannan Gabas da Dutse, waccan Yamma da Dutse, wata Kudu da Kogi, wata Kudu da Tafki. Sannan akwai gajere, gaɓa ɗaya tak, zane ɗaya, shi ne ake bugawa a lambar mota. Wasu guntun dogon sunan kawai aka yanko, waɗannan ba su dame ni ba. Amma da yawa gajeren ya girmi dogon nesa ba kusa ba. Jihar da Gwanzu take ciki, Gwandon, gajeren sunanta Yuwe, sunan mutanen da suka zauna a wannan kudancin tun kafin sarakunan arewa su iso. Gabas da Dutse, wato Shandon, gajerenta Lu, sunan wata ƙaramar masarauta da aka cinye da yaƙi tun kafin haihuwar Annabi Isa. Yamma da Dutse kuwa Jin ake ce mata, ita ma masarauta ce, babba, wadda ba baƙo ne ya ci ta ba, manyan gidaje uku na cikinta ne suka yaga ta suka raba. Wasu kuma sunan kogi suka ɗauka, kamar Kudu da Tafki da ake kira da sunan koginta Shiyan.

Na ajiye gyaɗar hannuna. Na ce ta maimaita mini na Lu. Masarauta ta faɗi fiye da shekara dubu biyu, ba sarki, ba fada, ba tambari, ba wanda ya san inda aka rufe dogarinta na ƙarshe, amma yau direba zai ɗauko albasa ko siminti ya ratsa ƙasa da sunanta a bayan motarsa? Ta ce ƙwarai, har abincin mutanen wurin da wannan sunan ake kiransa. Na yi ta jin labarin sarakuna masu gina ganuwa don kada a manta da su. Ban taɓa jin inda aka ɗora wa motar kaya wannan aiki ba, kuma ta yi shi.

Matar liman ta fi son na Shanghai. Birni ne, in ji ɗiyata, da benayensa ke shiga cikin gajimare, amma gajeren sunansa Hu, wani shingen gora ne da masuntan farko ke kafawa a bakin kogi, ruwa ya cika ya janye ya bar musu kifi. Matar liman ta ce ashe dai su ma talakawa ne suka haife su.

Ɗiyata ta ajiye na Maryam sai ƙarshe, don ta san ni. Maryam 'yar Henan ce, Kudu da Kogi, kuma gajeren sunan jiharsu Yu, sunan wani tsohon yanki daga cikin waɗanda aka fara kasa ƙasar a kansu. Ta-Mashaya ta share ƙasa da tafin hannu, ta ɗauki tsinke, ta zana alamar a hankali kamar mai zanen lalle. Ta nuna ɓangaren dama ta ce wannan giwa ce. Maryam ta gaya mata cewa a wurinsu ana faɗin da can giwaye na kiwo a ƙasarsu, yanzu kuwa gonakin alkama ne iyakar gani, ko kakan kakanta bai ga giwa a daji ba. Giwar ta ƙare a ƙasa, ta saura a cikin suna.

Muna zaune a Mashayar Giwa, inda tsofaffi suka ce garke-garke suke gangarowa gulbi da rani har ƙasa ta riƙa rawa, inda ni kaina ban taras da ko kashinsu ba. Hajjo ce ta fara buɗe baki.

"Ashe can ma sun tahi," ta ce.

Na aika Luba ta ɗauko langar. Ɗiyata ta juya gindinta, ta zana mini wannan giwar da jan farce, ta ce daga yau ita ce alamar kwanon gidanmu. An yi ta yi mini tsiya a gidajen biki, ana cewa kwanon Kulu ya yi karatun da mai shi ba ta yi ba. Amma bai taɓa ɓata ba.

Na daɗe ina juya wannan labari. Ni 'yar Anka ce, na san yadda Gobirawa suka ci Birnin Zamfara, sarautar ta yi ta yawo kafin ta zauna a garinmu. Na san shekarun da in ka fita waje sai a ce maka mutumin Sakkwato, sunan Zamfara ya rage a gulbi da fada da tsagar fuskar tsofaffi, har aka zo aka yanke jiha aka ɗauko shi aka kakkaɓe. Na ɗauka mu kaɗai Allah Ya yi wa wannan. Sai ga wasu mutane a ƙarshen duniya da suka riƙe irin nasu, ba guda ba, ba biyu ba, tun zamanin da ba a san takarda ba a nan. Duk tafiyar da ta sake yi sai ta ƙaro mini ɗaya ko biyu, ni kuma in haɗa da na Argungu da na Agadas in ajiye.

Ciwon suga ne ya ci ƙarfinta. Ta yi jinya a Sakkwato, da ta ga jiki ya ƙi ta ce a maida ta gida. A Mashaya ta cika, a can aka rufe ta, kusa da mahaifinta. Na gode wa Allah da bai nuna mata abin da ya biyo baya ba. Ba zan tsaya ba da labarin 'yan bindiga ba, duk mai karanta wannan ya san shi, wani ma ya fi ni sani. Abin da zan faɗa shi ne a kan hanyar Mashaya aka kashe mijin Luba yana dawowa daga gona, kuma kafin gero ya nuna mun fito, mu da Fulanin da muka yi shekaru muna maƙwabtaka, kowa da abin da kansa zai iya ɗauka. Ni langar na ɗauka, da zane a ciki.

A gefen Gummi aka ba mu fili, bayan filin Idi. Mutanen gari sun yi mana karamci, ba zan ɓoye ba. Muka fara da buhu da kara, a hankali aka koma tubali. Sai wurin ya buƙaci suna, domin mai kawo ruwa da mai kawo itace sai sun faɗi inda za su. Aka fara da Unguwar 'Yan Gudun Hijira. Baki kuwa ba ya son dogon abu. Kafin wata damina kowa na cewa 'Yan Gudu.

Da farko ban kula ba, yunwa da zazzaɓi sun ishe mu tunani. Sai ranar da masu allurar rigakafi suka shigo, wata ta tambayi babbar ɗiyar Luba 'yar ina ce, yarinyar ta amsa da fara'arta ta ce 'yar 'Yan Gudu. A ranar ne labarin da ya yi shekaru yana ba ni sha'awa ya koma yana ba ni tsoro. Na san abin da mutanen unguwar ba su sani ba: gajeren suna ba ya mutuwa da wuri. Idan shingen kifi ya iya bin birni har cikin gajimare, to wannan ma zai bi mu. Za a yi kwalta, a yi benaye, a manta da 'yan bindiga, jikokin jikokinmu su zama alƙalai da likitoci, ana ce musu 'yan 'Yan Gudu. Duk noman da muka yi, da gulbin, da giwayen, da kaburburanmu, za a taƙaita su a rana ɗaya da muka juya baya.

Na je wurin Malam Sani, ɗan tsohon mai garinmu, wanda ke riƙe da unguwar. Ya saurare ni da ladabi, ya ce hukuma za ta sa suna idan an zo yanka filaye, shi yanzu rijiya ce a gabansa. Ban ga laifinsa ba. Na dawo gida na gaya wa Luba, ina tsammanin samun mataimakiya, sai na taras da abin da ya fi na Malam Sani nauyi.

"Kaka, ki bar sunan ga ya kwanta," ta ce. "Duk sadda anka ambace shi, hanyar nika gani."

Tun ranar da muka fito ba ta sake furta shi ba. In dole ta yi sai ta ce "can". Ita ta ga gawar mijinta a hanyar, ba ni ba. Na ce mata dai ba zan tilasta wa bakinta ba, ita ma kada ta tilasta wa nawa.

Sai na zauna na yi tunanin yadda mutanen Sin suka yi. Ba a bangon fada na ji sun rubuta ba. A abin hawa suka ɗora, abin da ke zuwa ko'ina, kowa na gani. Mu a nan wa ke raba wa unguwanni suna? Ba hakimi ba ne, 'yan kabu-kabu ne. Abin da suka kira wuri da shi, shi baƙo zai ji, shi zai maimaita. Don haka na ɗauki farantin ƙuli-ƙulina na koma da shi gefen rumfarsu ta bakin kasuwa.

Shugabansu wani dogon mutum ne, Mamman Dogo, sa'an jikokina, don haka wasan jika da kaka ya shiga tsakaninmu tun ranar farko. Da na tashi komawa gida ya turo babur gabana.

"Amarya, hau in kai ki. 'Yan Gudu ko?"

"Dubi gwiwoyin ga da kyau," na ce. "Ka ga alamar mai gudu? Mashaya za ka kai ni."

Ya ce hanyar Mashaya ko mai bindiga a kafaɗa sai ya yi shawara. Na ce masa Mashaya ta taso, tana bayan filin Idi. Ya yi dariya har da buga tankin mai, ya ce bai san gari na da ƙafa ba. Na ɗora farantina a ka na kama hanya. Ya biyo ni a hankali yana roƙo, yana cewa za a ce ya wulaƙanta matarsa, ni kuwa ban waiwaya ba har gida. Kwana biyu ban iya durƙusawa ba. Ranar kasuwa ta gaba muka sake yin haka, da wadda ta biyo ta.

Tsakanin fasinja da fasinja kuwa suna zaune ba aiki, ni kuma baki gare ni. Na fara ba su labarin Lu. Na ba su na Jin, suka kaure da gardama a kan wanne ne cikin gidajen uku ya fara cin amana, kamar sun san su. Da na zo kan Hu, wani ɗan masunta a cikinsu ya ce ai ubansa na kafa irin wannan shinge a gulbi in ruwa ya fara ja, ya tashi yana kwatanta musu da hannu. Mamman ya girgiza kai ya ce birni guda bai ji kunyar tarkon kifi ba, shi kuwa wannan in 'yan mata sun tambaye shi sai ya ce ubansa ɗan kasuwa ne. Suka yi ta tambayata ko na je Caina. Na ce na aika, kuma wadda na aika ba ta ƙarya. Da yawansu sun san ta, wasu sun yi mata dakon kwanuka suna yara. Ranar da na kawo langar na juya musu gindinta, suka karɓa hannu zuwa hannu suna neman haure da hanci a cikin zanen, kowa na rantsuwa ya gani.

Da tsiya suka fara. In sun hango ni sai su ce ga matar Mashaya ta Caina. Ban hana su ba, domin ko a tsiya sai sun furta sunan. Hajjo ma ta kama mini ta nata ɓangaren: duk gidan da ta kai nono aka tambaye ta inda take zaune, Mashaya take cewa, in an yi mata kallon mamaki ta ƙara da bayan filin Idi. Wata rana Mamman ya turo babur ya ce, "Taho mu tahi Mashayarki, kin gajiyar da ni." Na hau. Amma ban ruɗi kaina ba. Na san don ni suke faɗi, kuma ni tsohuwa ce.

Bara da sanyi zazzaɓi da mura suka kwantar da ni, har aka ba ni gado a asibiti. Na warke, amma muryata ta dushe gaba ɗaya, ko raɗa ba ta fita. Luba ce ta yi jinyata. Ranar da aka sallame mu muka fito bakin ƙofa da hantsi, ba ko ɗaya daga yaran Mamman. Wani baƙon fuska ne ya tsaya, da jin harshensa mutumin gabas ne, irin waɗanda suka zo haƙar zinariya ba su dace ba suka koma kabu-kabu. Aka ɗora ni a tsakiya, Luba a baya tana riƙe da ni.

"Ina muka nufa, Hajiya?" ya tambaya.

Na buɗe baki, iska kawai ta fito. Na sake gwadawa, haka. Ba abin da ya rage sai Luba ta amsa, kuma na riga na shirya zuciyata in ji abin da zan ji, in yi haƙuri. Mutumin ya waiwayo. Na ji yatsunta sun matse kafaɗata.

"Mashaya," ta ce.

Bai tambayi wace ba. Bai ce hanyar ba ta biyuwa ba. Ya ce to, ya tada babur, ya bi ta gefen kasuwa, ya karya ta filin Idi, ya tsaya a bakin lungunmu kamar wanda aka haifa a ciki. Mutumin da bai taɓa ganin gulbinmu ba, bai san ni ba, bai ji labarin Lu ba. Da muka shiga gida Luba ta wuce ɗaki ta daɗe. Da ta fito, langar ta ɗauko ta wanke, ta dama mini fura a ciki. Ba mu yi maganar ba, har yau da take rubuta ta da hannunta.

Ina yawan tambayar kaina me Ta-Mashaya za ta ce da ta ga wannan. Na san za ta fara da dariya, ta ce ita don in karɓi langa kawai ta ɗauko labari, ba don in je in hana 'yan kabu-kabu sakat ba. Daga nan za ta tambayi gonar bakin gulbi, da tsamiyar, da wanda ke share kabarin mahaifinta, kuma ba ni da amsa mai daɗi. Suna bai dawo mana da ko kadada ɗaya ba. Bai buɗe hanyar da zan je in tsaya a kan kabarinta ba, kuma ban sani ba ko zan sake tsayawa. Har gobe akwai masu cewa 'Yan Gudu, kuma ban san abin da hukuma za ta rubuta ba in ta zo. Amma ita ce ta koya mini cewa mutanen Lu ma ba su samu masarautarsu ba. Abin da suka samu shi ne ba a kira su da sunan ranar da aka ci su ba.

Cikin waɗanda suka zauna a gindin tsamiya ranar da aka zana giwa a ƙasa, matar liman ta rasu a shekararmu ta farko a nan. Hajjo na nan, idonta ya tafi, jikarta ke kai nono yanzu. Luba na nan, ga ta gabana tana goge fuska da bakin mayafi tana cewa hayaƙi ne. Maryam ban san ko tana raye ba. In tana raye, Allah Ya kai mata ladan abin da ta faɗa cikin cunkoson motoci ba tare da ta san inda zai sauka ba. Sai ni, Kulu, da sauran haƙora kaɗan da garuruwa cike da kai.

Luba ta tambaye ni ko ta rubuta sunan mahaifiyarta na yanka a ƙarshe, tunda jarida ce, don masu addu'a su san wadda za su ambata. Na ce ta bari. Allah Ya san shi, kuma ni ban fara yau ba. Wanda zai yi mata addu'a ya ce Ta-Mashaya, za ta isa. Ranar kasuwa ina zaune gefen rumfa da farantina, sai in ji wani yaro ya ɗaga murya yana neman fasinja, yana kiran Mashaya, Mashaya, saura mutum ɗaya. Har yanzu sai na ɗaga kai.

Allah Ya jiƙanta, Ya haskaka kabarinta can inda muka baro shi.